Darasi na Tara: Tsara Karatu da Zaɓen Sana'a a Fannonin Kimiyya da Fasaha

Manufar Darasi

Ana sa ran a ƙarshen wannan darasi mai karatu zai iya bambanta kimiyya da fasaha, ya san matakan da ɗalibi ke bi a Najeriya tun daga ajin farko na babbar sakandare har zuwa ranar da zai karɓi lasisin aiki, sannan ya iya zama da takarda da alƙalami ya tsara wa kansa ko ɗansa ko 'yarsa hanyar karatu wadda ta dace da basira da aljihu da shekaru. Darasin ya shafi mutane iri biyu, wato baligin da ya bar makaranta da daɗewa kuma yake son komawa, da mahaifin da 'ya'yansa ke gab da zaɓen fanni alhali shi kansa bai taɓa bin wannan hanya ba.

Ma'anar Kimiyya da Fasaha

Kimiyya ita ce neman sanin yadda halittu da abubuwa suke da yadda suke aiki, ta hanyar lura da awo da gwaji wanda wani zai iya maimaitawa ya sami sakamako iri ɗaya, ita kuwa fasaha ita ce ɗaukar wannan sani a sarrafa shi ya zama kayan aiki ko dabara mai biyan buƙatar jama'a. Manazarcin da ke Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wanda ke bin diddigin dalilin da ya sa wani irin masara ke jure fari wani kuma ke ƙonewa, yana aikin kimiyya ne, amma injiniyan da ya ƙera injin casar masarar ko ya tsara hanyar ban ruwa daga madatsar Tiga zuwa gonakin Kadawa yana aikin fasaha. Sanin wannan bambanci yana da amfani ga mai tsara karatu, domin akwai wanda zuciyarsa ta fi karkata ga tambayar "me ya sa", akwai kuma wanda hannunsa ke ƙaiƙayi idan ya ga abin da ya lalace, kuma kowannensu yana da makarantar da ta fi dacewa da shi.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin tsara lambobi a cikin hatimi ta yadda jimillar kowane layi za ta zo daidai, kuma masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. A zamanin boko ma, gwamnatin jihar Kano ta kafa hukumar makarantun sakandaren kimiyya a 1977, ta buɗe makarantun Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, saboda ta lura cewa jihar ba za ta sami likitoci da injiniyoyi 'yan asalinta ba muddin ba a tanadi yara tun daga sakandare ba. Darasin da ke cikin wannan mataki shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya: likita da injiniya ana shirya su ne shekaru goma kafin a buƙace su.

Ƙa'idar Farawa Daga Ƙarshe

Kuskuren da ya fi yawa wajen tsara karatu shi ne tafiya mataki-mataki ba tare da sanin inda za a sauka ba, wato yaro ya gama ƙaramar sakandare ya shiga ajin da abokansa suka shiga, ya rubuta jarrabawar da aka yi masa rajista, sai ranar neman gurbin jami'a ya gano cewa kwas ɗin da yake so yana buƙatar darasin da ya ajiye shekaru uku da suka wuce. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane, kuma hanyar da ta fi tsaro ita ce a fara daga ƙarshe a dawo baya. Mai tsarawa zai fara da ambaton aikin da ake buri, sai ya binciki hukumar da ke ba da lasisin yin aikin, sai takardar shaidar da hukumar ke karɓa, sai makarantun da aka sahale wa ba da wannan takarda, sai jarrabawar shiga makarantun, daga ƙarshe sai darussan da dole a ci a sakandare. Waɗannan abubuwa shida sarƙa ce, kuma zobe ɗaya idan ya tsinke sauran ba su da amfani.

Misalin mai son zama likita zai fito da ƙa'idar fili. Ba ya duba marar lafiya a matsayin likita sai ya yi rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, majalisar kuma ba ta ba shi cikakkiyar rajista sai ya yi shekara guda yana aikin horo a asibiti a ƙarƙashin manyan likitoci, wannan horo kuma ba ya samuwa sai bayan shekaru shida na karatu a tsangayar da majalisar ta amince da ita. Idan aka ƙara shekarar hidimar ƙasa, yaron da ya shiga jami'a yana da shekara 18 ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai ya kai 26, in har babu yajin aiki kuma bai maimaita aji ba. Gidan da ya san wannan lissafi tun farko zai shirya masa, gidan da bai sani ba kuwa yakan gaji a tsakiyar hanya, ya fara tambayar yaushe za a gama.

Matakin Sakandare

A tsarin ilimin Najeriya yaro yana yin shekaru tara na ilimin bai-ɗaya, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kafin ya shiga babbar sakandare inda ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci. Wannan rabo, wanda ake yi wa yaro yana ɗan shekara 14 ko 15, shi ne ƙofa mafi muhimmanci a duk tafiyar, amma sau da yawa ana wuce ta iyaye ba su sani ba. Ɗalibin kimiyya yana ɗaukar fiziks, wato nazarin ƙarfi da motsi da zafi da haske da lantarki, da kemistiri, wato nazarin sinadarai da yadda suke haɗuwa su canza, da bayoloji, wato nazarin masu rai, tare da lissafi da Turanci waɗanda kowa ke ɗauka. A Jamhuriyar Nijar ma ana yin irin wannan rabo bayan jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, inda mai ƙarfi a lissafi da fiziks ke bin sashen C, mai karkata ga nazarin halittu kuma ya bi sashen D har zuwa jarrabawar bakaloriya.

Hukumomi uku ne suka fi shahara wajen shirya jarrabawar kammala sakandare a Najeriya: WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma take aiki a ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Turanci, da NECO, wadda ta fara jarrabawa a shekarar 2000, da NABTEB, wadda aka kafa a 1992 domin makarantun fasaha da kasuwanci. Sakamakon WAEC da NECO yana tafiya daga A1 zuwa F9, kuma abin da ake kira kiredit shi ne duk makin da ya kama daga A1 zuwa C6, saboda haka D7 da E8, ko da yake ba faɗuwa ba ne, ba sa shigar da mutum kwas ɗin kimiyya a darasin da aka shardanta. Sharaɗin da aka saba shi ne kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu, sai dai tsangayoyin likitanci da dama ba sa karɓar haɗin sakamako biyu.

Lissafi ya cancanci kulawa ta musamman, domin shi ne harshen da fiziks da injiniyanci da ilimin kwamfuta ke magana da shi, kuma darasi ne da ake gina shi hawa-hawa kamar katanga, ta yadda wanda bai fahimci kasafi da ɓangaren lamba a firamare ba zai sha wahala da aljabara, wanda bai iya aljabara ba kuma ba zai iya lissafin shekarar farko ta jami'a ba. Yawancin waɗanda ake cewa ba su da kan lissafi wani tubali ne ya faɗi a ƙasa ba a mayar ba, kuma maganinsu shi ne a koma daidai wurin da aka ɓace a sake ɗorawa, ko da kuwa hakan na nufin ɗan aji biyar ya ɗauki littafin aji ɗaya. Haka kuma ya kamata uba ya leƙa makarantar da zai kai ɗansa ya tambayi ko tana da ɗakin gwaje-gwaje mai aiki da malamin fiziks na dindindin, saboda jarrabawar kimiyya tana da ɓangaren gwaji, kuma sakamakon da aka samu ta hanyar satar amsa yakan tona asirin mai shi a zangon farko na jami'a.

Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar UTME, wato jarrabawar bai-ɗaya ta shiga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Ana rubuta ta a kan kwamfuta, a darussa huɗu da jimillar makinsu ya kai 400, Turanci dole ne, sauran ukun kuma kwas ɗin da ake nema ne ke ƙayyade su. Mai neman likitanci ko haɗa magunguna yana rubuta fiziks da kemistiri da bayoloji, mai neman injiniyanci yana rubuta lissafi da fiziks da kemistiri, mai neman ilimin kwamfuta kuma yana rubuta lissafi da fiziks da wani darasi guda daga cikin waɗanda aka amince da su. Ɗalibin da ya nemi injiniyanci amma ya rubuta bayoloji a madadin lissafi ba zai sami gurbi ba ko nawa ya ci, kuma irin wannan asara tana faruwa ne idan aka bar wa mai shagon intanet zaɓen darussa. Hukumar JAMB tana fitar da kundin da ke bayyana sharuɗɗan kowane kwas a kowace makaranta, kuma karanta shi kafin rajista wajibi ne, tare da tabbatar da cewa suna da ranar haihuwa sun zo iri ɗaya a lambar shaidar ɗan ƙasa da takardar sakandare.

Akwai bambanci tsakanin mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a ƙasa baki ɗaya da makin da sashe ke tsayawa a kai, domin na farkon izinin neman gurbi ne kawai, na biyun kuwa yawan masu nema da ƙarancin kujeru ne ke ɗaga shi, shi ya sa makin da zai shigar da mutum sashen nazarin ƙasa ba zai kai shi kusa da likitanci ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe bisa ƙa'idar kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, saboda haka zaɓen jami'ar da jihar ɗalibi ke cikin yankinta dabara ce mai ƙara masa dama. Wanda bai sami shiga ta UTME ba yana iya bin shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ya yi kimanin shekara guda ya nemi shiga aji biyu kai tsaye, kamar yadda masu difloma da masu takardar malanta ta NCE ke yi.

Hanyoyi Ba Ɗaya Ba Ne

A gidaje da yawa kalmar kimiyya tana nufin likitanci kawai, har yaro ya shafe shekaru uku ko huɗu yana maimaita jarrabawa saboda kwas ɗaya, alhali ƙofofi da dama suna buɗe a gefensa. Jami'a ita ce hanya ta farko, inda ake yin shekaru huɗu a tsantsar kimiyya da ilimin kwamfuta, biyar a injiniyanci da aikin gona da aikin jinya da kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, shida a likitancin mutane da na dabbobi. Arewacin Najeriya yana da tsofaffin jami'o'i irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri, yana kuma da waɗanda aka kafa musamman domin fasaha, irin su Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil.

Hanya ta biyu ita ce kwalejin kimiyya da fasaha, wadda ake kira foliteknik, inda ake yin shekaru biyu a sami ƙaramar difloma, a fita a yi shekara guda ana aiki a masana'anta, a dawo a yi shekaru biyu a sami babbar difloma. Amfanin wannan tsari ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne yana da mashaya a tsakiya, wato bayan shekaru biyu mutum yana riƙe da takardar da zai nemi aiki da ita ya tara kuɗin ci gaba. Gaskiya ne masu babbar difloma sun daɗe suna kokawa kan fifikon da ake ba masu digiri a aikin gwamnati, kuma mai zaɓen wannan hanya ya kamata ya san da haka, ya kuma san cewa ana iya cike giɓin ta hanyar diflomar gaba da digiri kafin a wuce digiri na biyu. Tarihin Jelani Aliyu ɗan jihar Sakkwato ya isa misali: ya karanta zanen gine-gine a foliteknik ta Birnin Kebbi, ya sami tallafin jiharsa ya tafi birnin Detroit na Amurka ya karanta zanen motoci, ya yi aiki da kamfanin General Motors inda ya zana samfurin farko na motar Chevrolet Volt, daga baya a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya.

Hanya ta uku ita ce kwalejojin aikin jinya da ungozoma da na fasahar kiwon lafiya, waɗanda ke horar da ma'aikatan da asibitocin karkara suka dogara da su. Wannan hanya tana da muhimmanci na musamman ga 'ya'ya mata, domin mata da yawa a ƙasar Hausa sun fi sakewa idan mace ce za ta duba su, kuma al'ummar da ke son mace ta karɓi haihuwar matanta dole ta yarda 'ya'yanta mata su zauna a ajin bayoloji da kemistiri har su gama. Hanya ta huɗu ita ce kwalejin ilimi, inda ake yin shekaru uku a sami takardar NCE, kuma malamin lissafi ko fiziks ƙwararre shi ne tushen da duk sauran hanyoyin ke tsirowa daga gare shi. Ta biyar ita ce koyon sana'a a gareji ko a kasuwa irin Panteka ta Kaduna, wadda ke ƙara daraja idan aka haɗa ta da jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ko ta NABTEB, saboda takarda ce ke ba gwani damar shiga kamfani ko karɓar kwangila.

Duba Buƙatar Wuri

Zaɓen fanni yana tsayawa ne a kan duwatsun murhu uku, wato abin da mutum ya iya, da abin da yake so, da abin da jama'a ke buƙata har su biya kuɗi a kansa. Mai duba kewayensa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar zai ga noman rani da ke neman masana ƙasa da ban ruwa, da dabbobi masu yawa da ke neman likitoci, da garuruwan da ke neman masu gano ruwa a ƙarƙashin ƙasa kafin a haƙa rijiyar burtsatse, da gidaje da shaguna da asibitocin da suka koma amfani da farantan hasken rana suna neman wanda ya san lissafin batir da ƙarfin wuta. Masanin fiziks Abdou Moumouni Dioffo, wanda babbar jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya sadaukar da aikinsa ga binciken makamashin rana tun shekarun 1960, saboda ya ga cewa abin da ya fi yawa a ƙasarsa shi ne ya kamata ya zama abin nazarinta. Fannin kwamfuta kuwa yana da wata siffa ta daban, domin mai ɗaukar aiki yakan fi duba manhajar da mutum ya rubuta da hannunsa fiye da takardarsa, kuma ana iya yi wa kamfanin da ke wata ƙasa aiki daga Kano ko Maraɗi, da sharaɗin akwai wuta da intanet da Turanci ko Faransanci mai kyau.

Tantancewa da Lissafin Kuɗi

Kafin a biya ko sisi, wajibi ne a tabbatar cewa kwas ɗin ya sami tantancewa, wato hukumar da ke sa ido ta duba malamai da kayan aiki ta amince da shi. Hukumar NUC ce ke tantance kwasa-kwasan jami'o'i, NBTE mai hedikwata a Kaduna ke tantance na foliteknik, NCCE kuma na kwalejojin ilimi, sannan kwasa-kwasan sana'a suna buƙatar amincewa ta biyu daga majalisar sana'ar, kamar COREN ga injiniyanci. Tantancewa ta kwas ce, ba ta makaranta gaba ɗaya ba, saboda haka jami'a na iya zama halattacciya alhali wani sashe nata bai sami amincewa ba, kuma wannan bincike ya fi zama dole ga masu tura 'ya'yansu karatu ƙasashen waje.

Lissafin kuɗi kuma ya wuce kuɗin rajista, domin akwai masauki da abinci da sufuri da littattafai da kwamfuta da kayan gwaji da kuɗin aikin bincike na shekarar ƙarshe, kuma daidai ne a ninka jimillar da yawan shekarun karatu a ƙara shekara guda saboda abin da ka iya tasowa. Daga cikin hanyoyin samun taimako akwai hukumomin tallafin karatu na jihohi, da hukumar tallafin karatu ta tarayya, da asusun PTDF mai ɗaukar nauyin karatun gaba da digiri a fannonin da suka shafi man fetur da iskar gas, da asusun NELFUND da aka kafa bisa dokar 2024, wanda ke ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa. Dukansu suna da lokacin buɗewa da rufewa, kuma da rashin tayi akan bar arha.

Baligi Mai Komawa Karatu

Gemu ba ya hana ilimi, kuma tsarin ya bar wa baligi ƙofofi. Hukumomin WAEC da NECO suna shirya jarrabawa ta masu zaman kansu, wadda mutum ke rubutawa ba tare da ya koma aji ya sa kayan makaranta ba, kuma wanda yake da kiredit uku ko huɗu tun da can zai iya cike abin da ya rage a zama na biyu. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana koyarwa daga nesa ta cibiyoyinta da ke jihohi, foliteknik da jami'o'i da yawa kuma suna da karatun yamma da na ƙarshen mako. Sai dai dole baligi ya auna da gaskiya, domin likitanci da injiniyanci suna buƙatar zama a ɗakin gwaji da asibiti kullum, abin da ke da wuya ga mai iyali da kasuwa, alhali ilimin kwamfuta da ƙididdiga da aikin gona da fasahar lantarki sun fi karɓar mai raba lokacinsa. Wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammalawa ana ba shi takardar yafewa daga hidimar ƙasa, saboda haka shekaru ba sa rage darajar takardarsa. Babban jarin baligi shi ne abin da hannunsa ya riga ya sani, kuma makanikin da ya karanci injiniyancin motoci, ko mai gyaran waya da ya karanci lantarki, ko ungozomar gargajiya da ta shiga kwalejin lafiya, yana ɗora karatu ne a kan harsashin da yaro ɗan sakandare ba shi da shi.

Daga Takarda Zuwa Aiki

Takardar shaida tana kai mutum bakin ƙofa ne, abin da ya iya kuma shi ke shigar da shi. Domin haka ne Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya ɓullo da shirin SIWES a 1973, wanda ke tura ɗaliban kimiyya da fasaha masana'antu na wasu watanni, kimanin shida ga ɗaliban injiniyanci na jami'a, su taɓa injin da suka gani a littafi. Ɗalibin da ya nemi wurin da za a sa masa hannu a littafin rahoto yana kwance a gida ya cuci kansa, wanda kuwa ya nemi wurin da zai sha baƙin mai yakan fito da ƙwarewa da sanayya, wani lokaci ma da alƙawarin aiki. Bayan kammalawa akwai rajistar sana'a, kuma COREN, alal misali, tana yi wa rukuni huɗu rajista, wato injiniyoyi da masu babbar difloma da masu ƙaramar difloma da masu sana'ar hannu, abin da ke nuna cewa doka ta san kowane mataki kuma ta ba shi matsayinsa.

Taƙaitawa

Tsara karatun kimiyya da fasaha aiki ne da ake farawa daga sana'ar da ake buri a gangaro zuwa darasin da za a zauna a kai gobe da safe. Wanda ya bi wannan ƙa'ida zai san darussan da ba a ajiyewa, da haɗin da zai rubuta a jarrabawa, da makarantar da aka tantance, da shekaru da kuɗin da tafiyar za ta ci, zai kuma tanadi hanya ta biyu wadda ke kaiwa kusa da inda ta farko ta nufa, ta yadda rasa gurbi ɗaya ba zai cinye masa shekaru ba.

Tambayoyi da Aikin Yi

1. A bayyana bambancin kimiyya da fasaha, tare da kawo misali ɗaya na kowannensu daga garin da ake zaune.

2. A jero zobba shida na sarƙar tsara karatu, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya game da mai son zama injiniyan lantarki.

3. Ɗaliba ta sami C5 a Turanci, D7 a lissafi, B3 a bayoloji, C4 a kemistiri, C6 a fiziks, kuma tana son karanta aikin jinya a jami'a. A faɗi abin da ya rage mata da hanyar da za ta bi ta cike shi.

4. A kwatanta hanyar jami'a da ta foliteknik ta fuskar shekaru da kuɗi da damar fara aiki.

5. Aikin gida: kowane mai karatu ya ziyarci mutum ɗaya da ke aikin kimiyya ko fasaha a unguwarsa, ya tambaye shi makarantun da ya bi da shekarun da ya yi da abin da zai gyara da zai sake farawa, sannan ya rubuta tsarin shafi ɗaya na kansa ko na ɗansa, mai ɗauke da hanya ta farko da ta biyu, ya kawo aji a tattauna.